Bencin da na ajiye wa Ramatu a rana

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanwata Ramatu. Bencin da na sayo mata a kasuwar katako ta Anloga yana nan a tsakar gidanmu na unguwar Asawase, har yau ban iya zama a kansa ba.

Ciwon ya taso mata ne bayan haihuwar autarta. Gaɓoɓinta suka kumbura, gashi ya yi ta zuba. Ni kuwa da na yi wa matan layinmu wankan jego ba adadi, nan take na yanke hukunci: sanyi ne ya shige ta, don ta koma sayar da koko kafin arba'in. Kullum da hantsi sai in zaunar da ita kan bencin nan ta sha rana.

Takan ce, "Yaya, ranar nan ƙara min ciwo take."

In ce, "Ke dai raki gare ki. Sanyin ne ke fita."

Sai da ƙodarta ta taɓu muka je asibiti. Likita ya ce cutar lupus ce: garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi mai ita. Sinadarin estrogen na jikin mace yana ƙara wa garkuwar kuzari, shi ya sa cutar ta fi kama mata, takan kuma tashi da ciki ko bayan haihuwa. Rana kuwa zuga ta take yi. Ya ce ba ni na sa mata ciwon ba. Na ji, amma na san wadda ta ɗauko benci.

Watan jiya Fati, babbar 'yar Ramatu, ta haihu a gidan mijinta a Buokrom. Da na je na tarar yatsunta sun kumbura, surukarta ta shimfiɗa mata tabarma a rana. Na gaida tsohuwar da ladabi, na naɗe tabarmar, na sa Fati a motar haya ta trotro, sai asibiti. Gwaji ya nuna ciwon uwarta ne, amma an kama shi da wuri, tana shan magani.

Da Ramatu na nan, tsiya za ta yi min: "Ashe Yaya kina jin magana?" Ina ji, Ramatu, na dai makara. Allah ya jiƙan ki. Duk ranar da zan raka Fati asibiti, ni nake riƙe mata lema.