Ranar da Hedimasta Ya Ɓoye Marasa Lafiya

Duk wanda ya yi firamare a ƙauyenmu, can gefen Bagwai, ya san Malam Abdulkabir. Shekara ashirin da shida yana hedimasta, ni kuma na yi tara ina koyarwa a ƙarƙashinsa, don haka in na faɗi halinsa ba labari aka ba ni ba.

Mutumin kirki ne, ban musa ba. Ba ya makara, ba ya cin haƙƙin kowa. Ciwonsa ɗaya ne, baƙo. Da ya ji an ce sufeto zai zo, shi ke nan, an shiga uku. A share fili, a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, a aro bencina wajen mai shayi. Yaron da rigarsa ta yage kuwa, ko makero ya cinye masa kai, sai a ce yau ya huta a gida. Wannan shi yake kira rufin asirin makaranta, kuma da shi ya sallami sufeto bayan sufeto, kowa na tafiya yana yabo.

Bara da kaka sai ga takarda daga wasu sistocin Katolika da ke Kano. Suna zagaya makarantun karkara suna duba yara kyauta, Musulmi da Kirista. Inda suka tarar ciwo ya yi yawa sai su ajiye nas ta riƙa zuwa duk mako, wanda nasa ya yi tsanani kuma su ɗauke shi a motarsu zuwa asibiti.

Babu wadda ta kai Hure murna, mai ƙosan bakin makaranta. 'Yarta Tahira, 'yar aji uku, wata biyu idonta na hagu yana ja yana ruwa, har wani fari-fari ya fara hawa kansa. An sa kwalli, an yi tofi, abu ya ƙi. Ni da bakina na ce mata, "Kwantar da hankalinki, ranar Laraba za a duba ta."

Ranar Laraba Malam ya tura ni bakin titi in taro baƙi. Ashe ina juya baya ya kafe a ƙofa yana tace yara kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Mai tari, gida. Mai ƙazuwa, gida. Mai kunne na mugunya, gida. Da ya zo kan Tahira, Hure ta bar kaskonta a wuta ta rugo.

"Malam, don Allah, ai don irinta suka zo!"

"Haba Hure! Baƙi ne fa, kuma ba addininmu ɗaya ba. So kike su koma su ce ba ma kula da 'ya'yanmu? Ki kai ta gida, gobe ta dawo."

Muka iso da Sista Charity, shugabar tawagar, muka tarar da yara fes, an mulke su da mai suna ƙyalli, suna rera waƙar maraba. Aka duba ido, aka leƙa kunne, aka auna nauyi. Sista ta ce, "Malam, makarantu goma sha ɗaya muka zaga, ba mu ga yara masu lafiya irin naka ba." Wayyo, ka ga mutum na kumbura! Na lura azuzuwan sun rame, na buɗe baki, ya watso mini harara, na haɗiye maganata. Wannan shirun har yau yana cina.

Nas ɗin sai aka ba makarantar wani hedimasta, Malam Japhet, can hayin rafi, wanda ko shara bai sa an yi ba, ya jero musu yaransa da majinarsu da gyambonsu. Mu kuma aka aiko mana takardar yabo, Malam ya sa ta a gilashi ya rataye.

Sai bayan an gama girbi Hure ta ji labarin nas ɗin, ta goya Tahira ta tsallaka da ita. Washegari sistocin suka kai ta asibiti a Kano. Likita ya ce da wata guda da ya wuce ne, da an ceto idon.

Na shiga ofis cike da haushi, na faɗa wa Malam. Idonsa ya kawo ruwa, wallahi na gani.

"Allah sarki, yarinyar kirki," ya ce. "Ka gaya wa uwar ta nema mata baƙin tabarau. Makon gobe sufeto zai zo."