Larabar Yaya Hajara

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata, Malama Hajara, wadda mutanen Fadaman Mada suka fi sani da Malamar Aji Ɗaya. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan yi mata addu'a, in yi sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin wani abu ya faru a gidana wanda ya tilasta mini faɗin abin da ban faɗa mata ba tana raye.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ta girme ni da shekara huɗu. Ta yi kusan shekara talatin tana koyarwa a wata firamaren gwamnati, kuma duk a aji ɗaya. An so a mayar da ita aji shida, an yi mata tayin kujerar mataimakiyar hedimasta, ta ce a bar ta da 'yan majinarta. Ni kuwa a lokacin ma'aikacin ofis ne, ina ji da kaina, ina ji da Turancina. A ganina Yaya ba ta da buri, kuma ban ɓoye mata hakan ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kwalayenta. Duk Asabar sai ta bi shagunan Kasuwar Muda Lawal tana roƙon kwalin sabulu da na taliya da aka gama da su. Ta dawo gida ta shimfiɗa tabarma, ta ɗauki almakashi, ta yanka su ƙanana kamar tafin hannu. Ranar Litinin ba ta taɓa allo sai ta bi yara ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: me ka gani a hanya yau? Wanda ya ce akuya, sai ta rubuta akuya da manyan baƙaƙe a jikin kwali ta miƙa masa. Wanda ya ce tanki, tanki za a rubuta masa. Ranar Talata su fita gindin bishiya, kowa ya ajiye kwalinsa a gabansa yana kwaikwayon rubutun a ƙasa da yatsa. Alhamis ranar ƙirga ce da marafan kwalba, a ƙare da waƙa. Juma'a kuma, da yake ana tashi da wuri, sai ta tattara kwalayen duka ta zuba a faifai ta cakuɗa, kowane yaro ya taso ya nemo nasa. Haka mako yake juyawa a ajinta, damina da rani.

Na taɓa samunta cikin tarin kwalaye na ce, "Yaya, makaranta kike yi ko kin shiga sana'ar 'yan gwangwan?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ga tuwonka can a rufe, ka ci kafin ya huce."

Da ɗana na fari, Auwalu, ya isa shiga makaranta, ita da kanta ta zo har gida ta ce in kawo mata shi. Na ce ai na riga na sama masa gurbi a makarantar kuɗi, inda ake fara Turanci tun daga ranar farko. Ta dube ni jim kaɗan, ta ce Allah ya ba da sa'a. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Mahaliccinta, kuma cikin 'ya'yana biyar babu wanda ya taɓa zama a ajinta. Bayan an yi addu'ar bakwai aka buɗe ɗakinta, aka tarar da buhu biyu cike da yankakkun kwalaye. Ni ne na ce tarkace ne, a fitar a ƙona. A gabana aka ƙona su.

Yanzu Auwalu ya zama magidanci, muna zaune kusa da juna a Gwallameji. 'Yarsa Safiya shekararta shida, tana aji ɗaya a wata makarantar kuɗi mai fenti mai kyau. Da yake shi da matarsa duk aiki suke zuwa, mai keken da yake ɗauko ta gidana yake sauke ta idan an tashi daga makaranta. Amaryata nake ce mata, ita kuma ta ce ba ta auren tsoho mai furfura. Yarinya ce mai surutu, har kakarta, matata Hajiya, takan ce rediyon gida ya iso.

Sau da yawa idan na sauke mata jaka daga baya nakan tambayi kaina abin da Yaya za ta ce da ta ga yaran yau. Na san ba za ta zagi kowa ba, ba halinta ba ne. Ina jin ɗaga jakar za ta yi ta ji nauyinta, ta duba tarin aikin gida da ake ba 'yar shekara shida kullum, sannan ta tambaya a hankali ko a wace rana ce ake barin yaran su yi magana. Safiya ta haddace baƙaƙe tun daga farko har ƙarshe, tana rera su da daɗi. Amma ka nuna mata kalma guda a takarda, sai ta yi tsuru-tsuru.

A zango na biyu malamarsu ta aiko da takarda cewa idan ba a ga canji ba Safiya za ta maimaita aji. Daga nan rediyon gidanmu ya mutu. Ciwon ciki ya fara kama ta kowace safiya, ciwon da ba ya zuwa Asabar da Lahadi. Wata rana da la'asar ina tsokanarta ta ƙi dariya, ta ce, "Kaka, ni kaina ba ya ɗauka. Kowa ya iya sai ni." Maganar ta soke ni ƙwarai. Maimaita aji bai dame ni kamar yadda ya dame ni in ji yarinya ƙarama ta yanke wa kanta hukunci ba.

Washegari, ni da na yi dariyar kwali, na tafi shagon maƙwabcinmu na roƙi kwalin sabulu. Na ari almakashin Hajiya da faifanta. Ranar Litinin na tambayi Safiya abin da ta gani a hanya, ta yi tunani ta ce ƙadangare. Na so in ce ta zaɓi mai sauƙi, sai na tuna Yaya ba ta taɓa mayar wa yaro kalmarsa ba, na rubuta. Talata muka yi rubutu a ƙasa. Laraba ta zo, na nemi abin da Yaya take yi a ranar na rasa. Shekara da shekaru ina ganin matar nan tana aikinta, ashe ban taɓa tsayawa na kalla da kyau ba. Sai na cike gurbin da abin da na sani: na zaunar da yarinya, na ɗauki biro ina nuna baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, tana kuskure ina gyarawa, muryata tana ɗagawa. Ranar Juma'a na zuba kwalinta cikin wasu guda goma a faifai. Ta tsaya tana kallo, hannunta a baya, sai hawaye. Mako na biyu ma haka aka yi.

Hajiya ce ta ce in je wurin Adama. Adama tana sayar da atamfa a Muda Lawal, tsohuwar ɗalibar Yaya ce, kuma na tuna irin kukan da ta yi ranar ta'aziyya. Na same ta a shago tana ninke zannuwa. Bayan mun gaisa na faɗa mata abin da ya kawo ni, na lissafa mata ranakun yadda na tuna su.

Ta saki zanen hannunta ta ce, "Haba Baba! Laraba kuka manta? Ai Laraba ita ce makarantar. Ranar aro ke nan. Kowa ya ba na kusa da shi aron kwalinsa ya koya masa. Malama kujera take ja ta koma bayan aji, ba ta cewa uffan. Ranar Laraba yaro ne malami."

Ta ba ni labarin kanta. Iyayenta makiyaya ne da suka zauna cikin gari, aka kai ta aji ɗaya ba ta jin Hausa sai Fillanci. Makonni tana zaune a lungu ba ta magana. Duk Litinin Malama takan zo kanta ta tambaye ta me ta gani, ta jira kaɗan, ta wuce ba tare da tsawa ba. Wata Litinin dai ta buɗe baki ta ce nagge, wato saniya. Malama ta rubuta mata shi haka nan yadda ta faɗa. Da Laraba ta zo aka tsayar da ita gaban aji, ita ce mai kalmar da babu wanda ya sani, yara duka suna maimaitawa a bayanta.

"Wallahi Baba," in ji ta, "ranar na fara jin ni ma mutum ce a ajin nan."

Ban san lokacin da na faɗa mata cewa ni na sa aka ƙona kwalayen Malamarsu ba. Ban taɓa faɗa wa kowa cewa abin yana cina ba sai ranar. Adama ta yi murmushi ta ce in kwantar da hankalina, waɗanda na ƙona farare ne, na makonnin da ba ta kai ba. Rubutattun ba ta riƙe ko ɗaya, duk Juma'a kowa da nasa yake tafiya gida. Nata na farko yana nan cikin akwatin kayan aurenta har yau.

Na dawo gida ina tunanin wa Safiya za ta koya wa, tunda ita kaɗai ce a ajina, kuma ta san na iya karatu, ba za ta yarda da wasan yara ba. Hajiya tana jina ta ce, "To ni fa?" Hajiya ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa, tana karanta ajami, amma ba ta yi boko ba. Shekara arba'in muna tare, ni mai Turanci, ban taɓa tambayarta ko tana so ba.

Larabar da ta biyo baya Hajiya ta zauna a tabarma, Safiya ta hau kujerata da kwalinta. Ni aka kore ni bakin ƙofa da sharaɗin kada in sa baki. Ban taɓa sanin shiru yana da wuya haka ba. Hajiya ta riƙe kwalin a juye, da gaske ba da wasa ba, Safiya ta ƙyalƙyale da dariya ta gyara mata. Ta kama yatsan kakarta tana bi da shi kan baƙaƙen, tana cewa, "A'a Hajiya, duba, wannan mai ƙugiya a kai shi ne farko." Abin da na yi mako biyu ina tura mata da ƙarfi, ashe yana ciki, mai tambaya da gaske ne ba ta samu ba. Suka yi ta yi har aka kira magariba.

Ranar Juma'a na cakuɗa faifai. Safiya ta sa hannu ta zaro ƙadangarenta ba ta ko yi jinkiri ba. Sannan ta mayar da shi ta sake cakuɗawa da kanta, ta ce saura ɗalibarta. Hajiya ta daɗe tana dubawa, ta ɗauko shi. Ihun da yarinyar nan ta yi har maƙwabta sai da suka leƙo.

Yau wata uku ke nan. Ciwon cikin safe ya tafi. Mai keke ya kawo ƙara cewa ta hana shi sakat da karanta allunan shaguna tun daga makaranta har gida. Malamarsu ta ce za ta wuce zuwa aji biyu tare da 'yan'uwanta. Hajiya kuma kwalayenta sun kai goma sha biyu, tana ɓoye su a cikin kwalla.

Idan na auna abin da Yaya ta bari, ba gida ba ne, ba muƙami ba ne, ko hoton kirki ba mu da shi sai guda ɗaya. Kwana biyar ta bari, jere da juna, waɗanda wata mai atamfa ta riƙe a ka shekara talatin da wani abu, ni ɗan'uwanta na kasa riƙe su cikakku. Na hana ta ɗana, ga shi jikata ta zauna a ajinta bayan ba ta. Ina jin kunyar wannan, kuma ina godiya a kansa.

Litinin ɗin da ta wuce Safiya ta tambaye ni wa ya koya mini wasan faifai. Na ce yayata ce, sunanta Hajara, ta rasu kafin a haife ki. Ta ce to shi take so a rubuta mata a wannan makon. Na rubuta mata. Da Laraba ta zo Hajiya ta shimfiɗa tabarmarta kamar kullum, amma yarinyar ta wuce ta, ta zo bakin ƙofa inda nake zaune.

"Kaka, sauko ƙasa. Yau kai zan koya wa."

Na sauka na zauna a tabarma. Ta kama yatsana ta ɗora a kan baƙin farko.

"Wannan Hajara ce," in ji ta. "Maimaita."

Na maimaita.