Ranar da Kumandan Ya Kira Tata

Tata ƙawata ce tun muna 'yan mata a Matamaye, gajeriya, baki kamar barkono. Shekarar yaƙin Abzin ta bi mijinta Takawa, mai jan raƙuman sojan Faransa. Dahuwa ta je yi, ta ɓuge da wanke raunuka, don lokotoron Nasara, wato likitan soja, ya lura jini ba ya tayar mata da zuciya.

Abin da bai lura da shi ba, maganinsa har abokan gaba sun sha. Wani Ba'abzine ta tsinta bayan dutse, ta ɗaure masa ciwo, ta ce ya ɓace. Ta dawo gida da abin a ciki, shekara da shekaru tana jiran gidan kaso.

Wata safiya sai ga gardi, dogarin Nasara: kumandan na kiran ta Damagaram. Ta bi gida gida tana yafe wa mutane, har ni da ban roƙa ba. Ni da Takawa muka raka ta. Ni dai so nake in ga ƙarshen bakin nan.

Muka tarar da soja a jere, ana busa ƙaho, ga wani sabon ginshiƙi tsakar fili.

"Shekara," ta kira sunana, ta ce mini, "nan za su ɗaure ni su harbe?"

"Kin cika son girma. Wa zai ɓata harsashi a kanki?"

Kumandan ya matso, ya maƙala mata lambar ƙarfe a mayafi, ya sumbaci kuncinta dama da hagu. Ta runtse ido tana kalmar shahada. Takawa ya ɗaga kai sama kamar mai duban wata.

Tafinta Inusa ya ce, "Inna, ginshiƙin nan don tunawa da masu jinyar soja aka gina shi. Kuma kumandan ya ce ki kawo yarinya guda daga gidanki a koya mata aikin jinya, ci da sutura duk nasu."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ba wata magana? Ta bayan dutse..."

Na take mata ƙafa har ta yi ƙara.

A hanyar komawa ta zube gindin gawo, ta yi ta dariya har hawaye, ta cinye guzurinmu mu uku. Balki, 'yar ƙanenta, ita ta tafi karatun. Yau ita ke yi wa mutanen garin Kance allura, suna ta yabo. Ni dai ban yarda ta taɓa ni ba.