Ganga Shida a Kan Ɗakin Inna

Shekara talatin Mai Famfo ya yi yana rarrafe a banɗakunan mutane yana toshe yoyo, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Da ya ajiye aiki sai ya rantse shi da kasuwa sai dai gaisuwa, abin da zai ci daga gidansa zai fito. Gidan kuwa ko filin shanya babu, sai rufin kankare.

Can ya hau da tsofaffin gangunan roba biyu, ya cika su da ruwa, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa. Ya tsaga wata gangar gida biyu, ya cika da tsakuwa, ya dasa latas da tumatir. Wani ɗan inji ke tura ruwan kifin cikin tsakuwar, shuka ta shanye kashin kifi, ruwan ya dawo tas. Wallahi abin ya yi kyau. Matarsa da ke tsokanarsa da manomin sama, ita ta riga kowa hawa da kwando.

Sai dai mutumin nan bai san ya isa ba. Biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama shida, duk a kusurwar da rana ta fi samu. Ƙarƙashin kusurwar nan kuwa ɗakin Inna ne, mahaifiyarsa, wadda ba ta tashi sai an ɗaga ta.

Ita ta fara gani, tunda yini take a kwance tana kallon sama.

"Kai, ɗakin nan fa ya fara gumi," in ji ta.

Ya ɗaga kai ya ga 'yar tsaga tana ɗiga, har da murmushinsa. Yoyo? A gidansa? Ya hau tsani ya cusa gam, ya shafe da fenti. Bayan mako tsagar ta ɓullo gaba da inda ya toshe, ya sake toshewa. Shi a saninsa duk inda ruwa ya ɗiga rami ne, rami kuma toshe shi ake yi.

Ƙanin matarsa magini ne. Da ya zo gaida Inna, ko kallon ɗigon bai yi ba. Katako miƙaƙƙe ya kara a jikin rufin, tsakiya ta taɓa, bakin nan biyu suna lilo.

"Yaya, wannan ba yoyo ba ne. Nauyi ne, rufin ya yi ciki. Ka sauke ruwan nan yau."

"Yau? Saura mako biyu kifin su isa ci!"

"To ka fitar da Inna."

Inna ta ce ita da ɗakinta sai dai gawa. Abin haushin, daɗi Mai Famfo ya ji da ta ƙi, ya ma ce ai ba a yi wa uwa dole.

Ranar kwana na tara da hantsi, matarsa ta kawo wa Inna ruwan wanka, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ba kulle ta aka yi ba, daga sama aka danne ta. Mai Famfo na ganin haka ya zabura. Ya manta da gwiwa, ya haura a guje ya murɗe famfon zubarwa. Bututun da ya sa da hannunsa bai fi kaurin yatsa ba, don kada ruwa ya firgita kifi, ga shi yanzu yana tsiyaya sirit. Ya rungumi ganga zai kifar, ko motsi ba ta yi ba. Sai ya ji wani ƙas a ƙarƙashin tafin ƙafarsa.

Ya sauko ya daki ƙofar da kafaɗa. Ya ja baya ya sake daka.

"Kai ne?" Muryar Inna ce daga ciki, a hankali.

"Ni ne, Inna. Yanzu zan buɗe."

"To ka daina bugawa, ɗan nan. Duk bugun da ka yi, yashi ke zubo min a ido."