Ranar da Inna Luba ta Wanke Saiwa

A ƙauyenmu na bayan Minjibir, in ciki ya murɗa maka ko yaro ya tashi da zazzaɓi, gidan Inna Luba ake nufa. Tun tana budurwa take noman magani a ɗan filin da uwarta ta bar mata: ɗoɗɗoya, rai-ɗore, tazargade. Ba ta da faɗa. Riƙo ne da ita, irin wanda ko raƙumi sai ya sara mata.

Sai Iliyasu ya sayi gonar da ke sama da tata, ya kama fasa tsofaffin baturan mota yana narka dalma. Damina ɗaya ruwa ya wanko gubar dalmar zuwa cikin filinta, shuka ta ƙone ƙurmus.

"Inna, ƙasar nan ta mutu," in ji shi. "Sayar min, kowa ya huta."

"Allah ya ba mu lafiya, ɗan nan," ta ce.

Ta koma bakin rafi tana ciro dashe da ƙasarsa tana dasawa a filinta, ba ta kakkaɓe saiwa, yadda uwarta ke yi. Waɗannan kuwa suka kama. Malamin gona ya duba, ya ce wata farar fumfuna ce ke zaune a saiwar, siririya kamar saƙar gizo-gizo, ita ke tare gubar. Ya hana ta ba kowa ganyen ya sha. Ta ce ta ji, ita dai kada filin ya zauna tsirara Iliyasu ya samu bakin magana.

Bana awakin unguwa suka yi ta mutuwa, aka ce masu duba-gari na tafe. Iliyasu, da gonarsa ta koma kamar kan mai sanƙo, ya zo har da durƙuso.

"Inna, a taimaka min da dashe, su tarar da kore."

"Haba! To mene ne amfanin maƙwabtaka?"

Ta ciro masa kwando guda. Ta zauna bakin rijiya tana wanke kowace saiwa tas, har da soso da sabulu, wai ba a kai wa babban mutum kaya da datti. Bawan Allah sai zuba godiya yake.

Kafin jami'an su iso, dashen duk ya bushe. Suka ga ƙasa tsirara, suka ɗebi kaɗan a leda, suka rufe wurin. Ranar da Iliyasu yake kwashe tukwanensa na narka dalma, Luba ta leƙo ta kan darni.

"Ɗan nan, ko in ƙaro maka dashen ne?"