Da Sauƙi, In Ji Mama

Kujeru biyu na fara gani, suna kallon juna a ƙarƙashin mangwaro, babu tebur a tsakaninsu. A harabar wani ƙaramin asibiti ne a Barnawa, ranar da na fara binciken digirina na uku kan yadda magana ke warkar da damuwa. Ni da na girma ina karanta littattafan soyayya, inda jaruma kan yi kuka ta amayar da cikinta, gari ya waye ta warke, sai na ɗauka aikin ke nan.

Cikin matan da nake zama da su a asibitin akwai wata Mama daga Romi, mai suyar ƙosai. 'Yan bindiga sun sauke mijinta daga mota a hanyar Abuja, wajen Kakau, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Duk Laraba takan zo da ƙosai a leda, da ɗuminsa.

"Mama, yaya jikin?"

"Da sauƙi, 'yata."

"Barci fa?"

"Mun gode Allah. Ke dai ci, kin rame. Wannan karatun naku ba ya barin mutum ya yi aure ne?"

Sai mu yi dariya. Na riƙa komawa gida a keke napep ina jin kamar ni ce hasken rayuwarta.

Kusan dukkansu haka suka amsa mini. Na rubuta cewa sun samu sauƙi, na kare aikina, aka fara kirana Dakta. Sai da na yi shekaru ina koyarwa, ranar da nake kwance da zazzaɓi, wata ɗalibata ta gaishe ni, na ji bakina ya ce da sauƙi, sannan na gane. A wajenmu ba a mayar da mai gaisuwa da baƙin labari, balle wanda ya ba ka kujera. Har yau ina zuwa aji, amma ban san abin da na auna ba.

Bara na tsaya sayen doya a Kakau, na hangi Mama a bakin titi, ta tsufa, tana leƙa kowace mota da ta rage gudu. Mai doyar ta ce Mama ta daina suya tuntuni, kullum nan take wuni.

Na gaishe ta. Ba ta gane ni ba.

"Da sauƙi, 'yata," ta ce, idonta yana kan motar da ke bayana.