Tafintar da Ba Ta Yarda da "Da Sauƙi"

Kafin a buɗe ɗakin likita, Gwaggo Tsaya ta riga ta iso asibitin unguwarmu, a nan ƙasar da muke zaman baƙunci. Ba ta zama a ofis. Tana rataya jakarta a bayan ƙofa sai ta fito ta bi bencin masu jira, tana gaisawa tana kallon yadda kowa ya zauna: wanda ya zauna a karkace, wadda ta cusa hannu cikin mayafi, wanda ya zare takalmi ɗaya ya ajiye a gefe. Ita ce tafintar asibitin. Likitocin ba sa jin Hausa, mu kuma da yawanmu yarensu iyakar na cefane da na wurin aiki muka sani. Don haka duk wanda aka kira sai ya waiga ya ga ko tana biye da shi.

Sunanta na yanka ya ɓace tuntuni. Marasa lafiya ne suka laƙaba mata Tsaya, saboda da wuya ka gama jimla a gabanta ba ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya, tsaya, ban gane ba." Ta gane sarai. So take ka sake faɗa, ko wannan karon gaskiyar za ta fito.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma tun da na ji labarin hankalina ya ƙi kwanciya. Shi ya sa nake wannan rubutu, tun tana nan tana iya yi min tsawa a kansa.

Kun san halinmu. Mutum yana kwance ko juyi ba ya iyawa, ka ce masa ya jiki, zai ce da sauƙi. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma tsakanina da Allah ina son wannan hali namu a gida. Matsalar ita ce a ɗakin likita kalmar tana sauya kaya. Tafinta ya juya ta zuwa yaren likita, ta zama "na samu sauƙi". Likita ya ji daɗi ya bar magani yadda yake, ko ma ya rage. Mutum ya koma gida da ciwonsa, yana mamakin me ya sa asibiti ba ya masa amfani. Ba wanda ya yi ƙarya a ɗakin, amma an cuci mutum ɗaya.

Gwaggo ba ta fassara wannan kalma. Idan mara lafiya ya faɗe ta, sai ta juya ta ce wa likita, "Ya amsa gaisuwa. Yanzu za mu fara." Daga nan ba ta sake tambayar jiki. Sai ta tambaye ka wa ya ɗaura maka igiyar takalmi yau, ko ka iya hawa matakalar gidanku ba ka huta ba, ko a wurin aiki akwai abin da kake lallaɓawa ka tura wa wani.

Wani mai gadin kanti da ke fama da ciwon suga ya ba ni labarin karonsa da ita, yana dariya yana girgiza kai. Ya ce ya shiga ya ce da sauƙi, ya ƙara da alhamdu lillahi don ya rufe maganar.

"Ta ce min, 'Malam, godiya ga Allah wajibi ce, na karɓa. To me ya sa ƙafar hagu take cikin silifas, ta dama tana cikin takalmin aiki?' Na ce zafi ne ya dame ni. Ta ce, 'Zafin ƙafa ɗaya ya sani?' Wallahi sai da na cire safar."

Gyambo ne a ƙasan ƙafar, ya daɗe yana tsaye a kansa daga safe zuwa yamma don kada mai kanti ya ga alamar gazawa. Likitar ta ce da an ƙara jinkiri da maganar ta yi nisa. Har yau da ƙafarsa biyu yake gadi, kuma har yau yana cewa matar nan ta cika shisshigi.

Ba zan ce ba ta da shi ba. Tana da faɗa, tana tsawaita layi, kuma an sha kiranta ofis a tuna mata cewa tafinta baki ne kawai, ba ya ƙari ba ya ragi. Amsarta ba ta sauyawa: ba ta taɓa faɗa wa likita abin da mara lafiya bai yarda a faɗa ba. Za ta matsa maka har ka gaji, amma idan ka kafe ka ce a bar shi, za ta bari, ta fita tana huci.

Ni ta dalilin yayata na san ta. Yaya ce ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Tana aiki a wani babban gidan wanki da guga da ke wanke zannuwan otal-otal. Wurinta shi ne bakin injin guga: ka ɗago jiƙaƙƙen zani mai nauyi, ka kama gefe da gefe, ka miƙar da shi ka tura, wani ya biyo baya, a tsaye, cikin tururi. Tana da ciwon gaɓoɓi irin wanda ba ya warkewa sai dai a lallaɓa shi. Yatsunta sun fara karkacewa. Da safe sai ta tsoma hannu cikin ruwan ɗumi kafin ta iya riƙe kofi, idan na yi magana ta ce min sanyi ne, in kula da harkar gabana.

Da aikinta ya fara ja baya, manajan wurin ya ce ta kawo bayanin likita. Idan likita ta ce ta samu sauƙi, za ta koma bakin injin har hannun ya gama lalacewa. Idan ta ce ba ta iya aiki, za a sallame ta, kuma wa zai ɗauki mace mai shekarunta da irin wannan hannu? Yaya ta zaɓi na farko tun a gida. Ta ja min kunne a hanya cewa idan na buɗe baki a ɗakin likita, kada in sake kiranta yaya.

Muka shiga. Likita ta tambaya, Yaya ta ce da sauƙi sosai, har da murmushi. Gwaggo ta dube ta, ta dubi hannun da ke naɗe cikin mayafi, ta roƙi likita ta ba su minti kaɗan. Sai ta ciro robar ruwa daga jakarta ta miƙa mata.

"Ƙanwata, buɗe min wannan, ƙishi nake ji."

Yaya ta karɓa. Ta murɗa, ta sake murɗawa, ta sa gefen mayafi ta gwada. Murfin bai motsa ba. Ta ajiye robar a kan tebur ta kau da kai, ni kuma na ji kamar in nutse a ƙasa don tausayinta.

"Gwaggo, ina da yara," in ji ta a hankali. "Idan kika faɗa, kin raba ni da aikina."

"Ba abin da zan faɗa sai da izininki. Amma tsaya. A duk gidan wankin nan, ba aikin da ake yi a zaune?"

"Akwai ninkin tawul da rarraba kaya. Masu yin sa ba sa tashi tsaye."

"Tawul za ki iya?"

"Busasshe ne, ba nauyi. Zan iya har in wuce su."

"To wannan za mu faɗa. Abin da ba ki iyawa da abin da kike iyawa, duka biyun. Ke kin zo da rabi, manajanki yana jiran ɗaya rabin. Kin yarda?"

Yaya ta gyaɗa kai. Likitar nan, Allah ya saka mata, ta zauna ta saurari komai dalla-dalla, ta sauya magani, ta rubuta cewa matar tana iya aiki cikakke idan an raba ta da ɗaga nauyi da doguwar tsayuwa. Ranar da za a kai wa manaja takardar, Gwaggo ba ta aiki, amma sai ga ta a bakin ƙofar gidan wankin ta riga mu zuwa. Manajan ba mugu ba ne, mutum ne da ake matsa wa daga sama. Ya yi ta kewaye-kewaye, ita kuma tana fassara masa maganar Yaya ba ƙari ba ragi, sai dai ba ta bar shi ya tashi ba. A ƙarshe ya ce za a gwada ta a teburin ninki zuwa wani lokaci, sannan a sake dubawa.

Ana cikin haka wasu masu bincike suka zo asibitin. Suna son sanin yadda masu doguwar jinya suke fama da aiki, don a gyara yadda ake kula da su. Niyyarsu mai kyau ce. Sai dai sun sa zaman da hantsi a ranar aiki, kuma da yaren likitoci. Waɗanda suka zo su ne masu aikin ofis da za su iya neman izini ba a harare su ba. Ɗaya daga cikin masu binciken ta faɗa min da bakinta cewa Gwaggo ta leƙa ɗakin, ta ƙare wa jama'ar kallo, ta ce mata, "Ina masu shara? Ina direbobi da masu ɗaukar kaya? Waɗanda ciwon ya fi ci suna bakin aiki yanzu haka, kuma gobe za a ce an tambayi kowa." Matar ta ce su ma abin yana damunsu, ba su dai san ta inda za su ɓullo ba.

Tare suka gyara. Aka mayar da zaman ranar hutu, aka yarda mutum ya zo da yaransa, Gwaggo ta bi gida-gida tana lallashi. Mutanenmu suna tsoron irin wannan zama, gani suke duk abin da ka faɗa zai koma kunnen mai gidanka. Sai da ta sa masu binciken suka yi bayani a fili wa zai ji, wa ba zai ji ba. Yaya ta je don kunyar Gwaggo, ta dawo tana ba ni labarin yadda suka sa aka sake tambayoyin. An cire "ya kake jin jikinka", an sa "me ka daina yi a wurin aiki ba tare da ka faɗa wa kowa ba". Ta ce da aka yi wannan tambayar kowa a ɗakin ya so ya riga kowa magana.

Gwaggo, ke ce kunnen da ba ya gaggawa. Ke ce kika tsaya tsakanin kunyarmu da ciwonmu, ba ki wulaƙanta ɗaya don ɗaya ba. Na san za ki ce aikinki kika yi, kuma na san ƙafafunki sun gaji, kin cancanci ki zauna ki yi wasa da jikokinki. Amma ba zan ɓoye miki ba, ina jin haushin tafiyarki. An ce za a kawo waya, a riƙa kiran tafinta daga nesa. Ban raina mutumin da ke cikin wayar ba, sai dai ba zai ga hannun da ke cikin mayafi ba. Kuma lokacin da manaja zai sake duba maganar Yaya ya kusa, ba kya nan, ni kuma yarensu bai zauna a bakina yadda zan tsaya mata ba. Kullum sai na tsara maganar a raina, kullum sai ta warware.

Duk da haka na gode. Na gode a madadin Yaya, da mai gadin nan da ba zai taɓa furtawa ba, da duk wanda ya shiga ɗakin nan da murmushin ƙarya ya fito da maganin gaskiya. Allah ya ba ki lafiyar da kika yi ta nema wa mutane, ya sa ki huta hutun da ba asibiti a cikinsa.

Ku kuma masu karatu, musamman ku da Allah ya ba harshe biyu, ba sai an ɗauke ku aiki ba. Ku raka tsohonku asibiti, ku raka maƙwabciyarku wurin manajanta. Idan an kira zaman bincike, ku je, ku ja wanda ba a saba gani a wurin ba. Idan naku ya amsa gaisuwa, ku karɓa da ladabi, sannan ku zauna ku yi tambaya ta biyu.

Shekaranjiya ma'aikatan asibitin suka yi mata ɗan taron bankwana, muka je da Yaya. Gwaggo ta riƙe ta a bakin ƙofa tana maimaita mata abin da za ta ce wa manaja, kalma bayan kalma da yarensu, Yaya tana faɗa tana tuntuɓe tana sakewa. Da muka fito muna jiran mota, na ga Yaya tana sauya jakarta daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Matar da ta goya ni, wadda tun tasowata ban taɓa jin ta nemi a ɗauke mata ko tsinke ba, sai ta juyo ta miƙo min jakar.

"Karɓi, auta," in ji ta. "Yau hannun ya ƙi."